Yaya Cindo da Sifikar Hagu

Da na dawo Gidan Ɗinya, da ƙyar na gane hanyar gidanmu. Ɗinyar da garin ya ci sunanta ta faɗi, an sassaƙe ta an yi kujeru. Rijiyar bakin masallaci an rufe ta da siminti, an kafa famfon tuƙa-tuƙa a gefenta. Filin da muke buga ƙwallon tsumma ya zama shaguna, ɗaya na cajin waya, ɗaya na fetur a kwalba. Yaran da na bari da majina a hanci su ne 'yan acaɓa yanzu, har ɗaya ya tsaya a gabana ya ce, "Baƙo, ina za a kai ka?" Baba ya rasu ina can Kwatano, gangarsa ta noma tana rataye a zaure, fatarta ta saki. Inna kuwa kunnenta na hagu ya mutu murus, na daman ma sai ka matso ka ɗaga murya.

Abu biyu kawai na tarar yadda na bar su: ɗakina, da Yaya Cindo.

Yaya Cindo shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta, matan da ke tsakaninmu duk suna gidajen mazajensu. Shi ke noma gonar Baba, shi ke riƙe da gidan, shi da matarsa Gwamma da awakinta da wani zakara mara kunya. Ƙato ne, mai yatsa shida a hannun dama. Ba ya ƙarya, bai kuma san ana yin ta ba. Magana a wurinsa kamar awon hatsi ce, yadda ka auna masa haka zai kai gida, ba daɗi ba ragi. In ka ce masa "tsaya nan," ko ruwa da ƙanƙara ake yi a nan za ka same shi. Mutanen gari sun san hali, sukan tauna magana kafin su miƙa masa.

Ranar da na bar gida, da jaka a kafaɗa na ce masa, "Yaya, kada a taɓa mini ɗaki, yanzu zan dawo." To da ya buɗe mini ɗakin sai ga silifas ɗina a bakin ƙofa, ɗaya a kife yadda na cire shi. Ga kofin da na sha shayi a kan taga. Tabarmar kuwa gara ta cinye ta, saura gefe.

Gwamma ta leƙo ta bayansa ta ce mini da wasan ƙanin miji, "Mijin nawa, ka ga aikinka? Na roƙi mutumin nan in zuba gero a ɗakin, ya ce Auta ya ce. Na ce to in share, ya ce Auta ya ce. Gara ma da ta shiga, daga bakin ƙofa ya tsaya yana ba ta haƙuri. Kuma kullum in an yi la'asar sai ya tafi bakin titi ya tsaya har motar ƙarshe ta wuce, wai ka ce yanzu za ka dawo."

Yaya Cindo ya ce, "Ai ga shi ya dawo."

Ban daɗe ba ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Aikin haɗa sola nake yi, na yi Kwatano, na yi Legas, na yi Akara, yanzu kuma wani abokina yana kirana Kumasi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna. Duk shekarun nan in na kira ta a waya, ni ina ihu, ita tana "Na'am? Na'am?" har ta gaji ta miƙa wa Gwamma. Na zo mata da talabijin, na haɗa mata sola, ta zauna ta kalli bakuna suna motsi ta ce, "Waɗannan mutane ne ko kifaye?" Akwai kuma wani tsohon kaset da aka ɗauki Baba yana kiɗa da waƙa a wajen gayya, na sa an juye mini shi a memori. Na kunna a wayata, ta manna a kunne, ta daɗe, ta ce, "Sauro nake ji." Shi ne na ce ba zan tafi ba sai na saya mata sifikoki, irin ƙananan nan guda biyu da ake ɗorawa a kan kantar ɗaki, ta ji fim, ta ji Baba, ta ji ni in na kira. A lissafina, in na bar mata murya a ɗaki, tafiyata ba za ta yi mata nauyi ba. Ni ma ba za ta yi mini ba.

Wata rana da yamma na tsaya a ɗakin Inna ina duban kantar katako da ta jera kwanoninta a kai. Na ce, "Yaya, gobe za mu Funtuwa. Amma ba za mu sayi wadda ba mu ga ta zauna daram a kan kantar nan ba." Da asuba ƙarar kwanoni ta tashe ni. Na fito na tarar da kwanonin Inna birjik a tsakar gida, awaki suna leƙa cikinsu, Yaya Cindo kuwa ya ɓamɓaro kantar da ƙusoshinta har da guntun bango, ya saɓa a kafaɗa.

Na ce, "Yaya, aunawa za a yi da zare!"

Ya ce, "Ba ka ce a kan zare za ta zauna ba."

Inna, wadda ba ta taɓa kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, ta kalli ramin bangon ta ce, "Yaron nan ya yi mini taga ban roƙa ba." Haka muka shiga mota da kantar. Kwandasta ya ce sai an biya mata kujera. A Funtuwa muka je shagon wani mai kayan sauti, Sadisu, ya ga mun shigo da kantar a kafaɗa ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce gaskiya tun da ya buɗe shago ba a taɓa zo masa da awon da ya kai wannan ba. Muka yi ta ɗorawa muna saukewa. Wasu sun yi faɗi, wasu sun yi zurfi har gindinsu ya leƙo. Iri uku suka zauna. Sadisu ya kunna musu kiɗan zamani, duk na ji su ɗaya. Ya ce, "Kiɗan da ba ka sani ba ba ya gaya maka gaskiyar sifika. Ku dawo da kiɗan da kunnenku ya fi sani."

Wata rana muka shirya komawa. Na sa memori a aljihu. Ina fitowa sai ga Yaya Cindo da gangar Baba a kafaɗa, ashe tun jiya ya shanya ta a rana ya ja tsirkiyarta. Na yi na yi ya ajiye, ya ce Sadisu ya ce. Muna isa, kafin in gaisa da mai shago, ya tsaya a bakin ƙofa ya sakar mata gula. Ban san Baba ya bar masa hannunsa na kiɗa ba sai ranar. 'Yan dakon kasuwa duk 'ya'yan manoma ne, suna jin taken gayya suka sauke kaya a tsakiyar hanya, suka sunkuya suna noman iska suna ihu. Hanya ta toshe. Wani mai baro ya zubar da tumatir, mai tumatir ya biyo ganga har shago yana neman wanda zai biya.

Sadisu ya fito yana cewa, "Bawan Allah, kiɗa na ce, ban ce ganga ba!"

Yaya Cindo ya ce, "To a ina kiɗa yake kwana in ba cikin ganga ba?"

Sadisu ya ja ni gefe ya ce, "Don girman Allah ku tafi yau. In za ku dawo, kai ka riƙe kiɗan, shi ya zo hannu rabbana."

Wata rana muka sake komawa, Yaya Cindo ya shiga shagon da tafukansa a buɗe don Sadisu ya gani. Na zaunar da shi a kujera a tsakiyar sifikokin. Na ce, "Yaya, kai ka fi ni daɗewa da muryar Baba. Rufe ido. Sifikar kirki ita ce wadda in ka rufe ido za ka ji mutumin yana cikin ɗakin." Ya rufe.

Aka fara da manyan, masu fitilu ja da kore, waɗanda Sadisu ya ce su samari ke rububi. Ƙasa ta ɗauki rawa, kwalaben da ke kan tebur suna kaɗawa. Yaya Cindo ya ce, "Wannan hadari ne, ba Baba ba."

Aka sa na biyu. Ya karkata kai ya ce, "Baba ne, amma yana cikin randa."

Sai aka sa na ukun, wasu ƙanana na katako, ba fitila ba ado. Kafin ganga ta fara, ashe akwai wani ɗan gyaran murya da Baba ya yi, wanda ban taɓa ji a wayata ba. Sannan ya kira sunan mai gona, ya ja baitin farko. Yaya Cindo ya zame daga kujera, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan siminti.

Ya ce, "Baba, barka da rana. An yi maimai, gero ya fitar da kai. Auta ya dawo."

Sadisu bai yi dariya ba. Ya rage murya ya ce mini, "Ɗauki waɗannan. Ɗakin ƙasa ƙarami ba ya son mai rugugi, mai fitar da magana yake so." Ya nuna mini bayansu. Ya ce, "Ta daman nan ita ke da wuta a cikinta, ita ake jonawa da sola, ita ke karɓar talabijin da wayar hannu. Ta hagun ba ta da komai, ta wannan igiyar take sha daga 'yar'uwarta. In ka cire igiyar, akwati ce kawai. Kuma kwanakin farko ku bi su a hankali, sababbi ba sa son hayaniya, sai muryarsu ta saki."

Na biya, aka ɗaure kwali. Na juyo, Yaya Cindo yana nan durƙushe ido a rufe. Na ce, "Tashi mu tafi." Ya tashi ya yi karo da fanka. Na ce, "Yaya, ai an gama." Ya ce, "Ka ce in na rufe yana cikin ɗakin. Ba ka faɗi abin da zai faru in na buɗe ba." Na ɗora kwalin a kai. Da hannu na ja shi har tasha, ƙaton mutum da ido a rufe, mutane suna matsa mana suna cewa Allah ya ba shi lafiya. Sai da mota ta faɗa rami ya buɗe da kansa.

Wata rana, bayan an mayar da kantar an liƙe bango, na ɗora sifikokin, ɗaya a wannan gefen talabijin ɗaya a wancan, na ɗan janye su daga bango. Na ja baya na duba na ce, "Saura abu ɗaya. Sai kunnen mai sauraro ya zo daidai da sifika, in ba haka ba maganar ta kansa za ta riƙa wucewa." Na fita neman ƙusa. Da na dawo tun daga zaure nake jin dariyar Gwamma. Na shiga na tarar an jibga buhunan gero a tsakiyar ɗaki, Inna a can ƙoli, ƙafafunta suna reto, ta ƙanƙame ɗankwalinta, Yaya Cindo yana auna kunnenta da kara.

Inna ta ce, "Auta, zo ka sauke ni. Yaron nan ya mai da ni kaza a kan rumbu."

Na ce, "Yaya, kantar za a sauko da ita!"

Ya ce, "Kunne ka ce ya zo. Ba ka ce kanta ta je ba."

Gwamma ta ce, "Bar ta mijina, yau dai Inna ta hau mulki." Muka sake ɓamɓare kantar, muka kafa ta ƙasa-ƙasa daidai inda kan Inna yake in ta zauna a tabarma. Bangon ya sami taga ta biyu.

Wata rana na farka na ji gidan shiru kamar an yi ƙaura. Ba kukan akuya, ba cara. Ashe Yaya Cindo ya tuna Sadisu ya ce sababbi ba sa son hayaniya. Ya kai awaki gidan maƙwabta, ya sa zakara a kwando ya kai gona, ya ɗauke taɓaryar Gwamma ya ɓoye a kan rufin ɗaki. Na same shi a bakin ƙofar Inna yana gaishe ta da raɗa.

Ta ce, "Na'am?"

Ya sake raɗa mata.

Ta ce, "Yau kuma na daman ma ya tafi ke nan. Innalillahi."

Da ƙyar na fahimtar da shi cewa murfin ƙara ake nufi, kada a murɗe shi har ƙarshe. Ya ce to me ya hana Sadisu ya ce murfi. Gwamma ta ce in ba a sauko mata da taɓarya ba yau kowa tsabar gero zai ci.

Da yammacin ranar ne na zaunar da Inna a tabarma na kunna. Gyaran muryar nan ya fito. Ta juya kunnenta na dama a hankali, kamar mai jin sallama daga zaure. Ba ta yi kuka ba. Ta saurara har aka kai inda manoma ke amsawa, sannan ta ce, "Mura yake yi ranar. Na ce kada ya je, ya ce an riga an dafa wa mutane abinci." Ta ce in mayar. Na mayar. Daga nan na fita bayan gida na kira wayar Gwamma, wadda na riga na haɗa da sifikar, na yi magana yadda ake magana, ba ihu. Ta katanga na jiyo muryata tana fita daga ɗakin, na jiyo Inna tana cewa, "Na ji ka, ɗan nema. Shigo ka ci abinci."

Tun daga ranar, kullum in rana ta yi sanyi sai mu zauna. Ita ta jingina wajen sifikar dama, ni in zauna ta ɓangaren kunnen da ya mutu, kusa da ta hagu. Har na taɓa cewa da wasa, "Inna, ta daman nan taki ce, ta hagun tawa." Yaya Cindo yana bakin ƙofa yana gyaran ƙotar fartanya. Muka kalli fina-finai, ta riƙa faɗa da mugayen ciki. Na ce a raina aiki ya kammala. Sai dai duk lokacin da aka kashe, shirun da ke biyo baya ya fi na da nauyi, ni kuwa in ji kamar ana kaɗa mini ganga daga wani gari.

Wata rana abokina ya sake kira ya ce in ban zo ba, za a ba wani aikin. Na gaya wa Inna. Ta ce, "Kare ma yana da gindin inuwar da yake komawa. Allah ya tsare." Ban so a sake rufe ɗaki saboda ni, ban so kowa ya sake tsayuwar bakin titi. Don haka na tauna maganata sosai, na ce, "Yaya, duk abin da yake nawa a gidan nan ka haɗa mini a jaka, kada ka bar ko tsinke. Ɗakin kuma a ba Gwamma ta zuba geronta." Na fita sallama da dangi.

Da na dawo na ɗaga jakar na ji ta kamar dutse. Na zuge. Ga tsohon silifas, ga kofin shayi, ga guntun tabarmar da gara ta rage. A ƙarƙashinsu, naɗe cikin rigata, ga sifikar hagu.

Na ɗauko ta na nufi ɗakin Inna. Ta dama tana kan kantar ita kaɗai, igiyar da ke haɗa su tana reto, bakinta a sake. Na ce, "Yaya! Wannan fa?"

Ya ce, "Taka ce. Ranar da nake gyaran ƙota ka faɗa."

Na ce, "Wasa nake yi! Biyu ake saya, biyu ake ji. Kuma wannan ba ta magana ita kaɗai, ba ka ji Sadisu ba? In na kai ta Kumasi akwati ce kawai."

Ya ce, "Na ji shi. Ai ba cewa ka yi in haɗa abin da ke magana ba. Abin da yake naka ka ce."

Na durƙusa zan mayar da igiyar, Inna ta ce, "Dakata. Kunna mini haka." Na kunna. Baba ya gyara murya daga sifika ɗaya. Ta juya kunnenta ta saurara, ta ce, "Ni dai ina ji. Kunne ɗaya gare ni, me zan yi da biyu? Wancan gefen da ma ba don sifika nake juyawa ba." Ta gyara zama ta ce, "Yaron nan bai yi kuskure ba. Tafi da abarka. Ran da ka gaji da ɗaukar bebiya, ka san inda bakinta yake."

Gwamma ta ce daga tsakar gida, "Kuma kwandasta zai ce sai ka biya mata kujera."

Na koma ɗaki na zauna a gaban jakar. Sifikar ba ta shiga sai an rage kaya. Na ciro silifas da kofin, na ciro takalmina na fita unguwa da rigar sanyi, na ajiye a kan taga. Na naɗe ta na tura, zif ya rufu da ƙyar.

Yaya Cindo ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Ya kalli kayan da ke kan taga ya ce, "Waɗannan fa? Ka ce ko tsinke."

Na ce, "Na sauya magana. Gwamma ta zuba gero a wancan gefen, a riƙa sharewa. Igiyar nan kuma ta ɗakin Inna ka ɗaure bakinta da leda, kada ta yi tsatsa."

Ya ce, "Har yaushe?"

Bakina ya buɗe zai ce "ba da daɗewa ba," na kama shi. Na dubi ƙafafunsa, na tuna titin. A Kwatano da Legas da Akara ba wanda ya taɓa riƙe maganata ya kai ta gida yadda na auna.

Na ce, "Ruwan shuka."

Ya ce, "Wanda ake shuka da shi, ko yayyafin nan da ke yaudarar mutane?"

Na ce, "Wanda ake shuka da shi."

Ya jera maganar a inda yake jera magana. Sannan ya ce, "To ba sai na je bakin titi ba sai ƙasa ta jiƙa. Zan ajiye maka sungumi." Ya sunkuya ya ɗauki jakar ya saɓa a kafaɗa, ya tsaya yana jira in ce mu tafi.